Tsutsotsin da Kimiyya Ba Ta Gama Ƙirgawa Ba

A shekarar 1758 masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fitar da bugu na goma na littafinsa na tsara halittu, inda ya kasa dabbobin duniya gida shida. Masu shayarwa da tsuntsaye da kifaye kowa ya samu gidansa, kwaɗi da macizai da ƙadangaru ya haɗa su wuri guda, ƙwari ma ya ware musu nasu. Duk abin da ya rage, tun daga tana da matsattsaku har zuwa dodon koɗi da halittun teku masu laushin jiki, sai ya tattara su a gida na shida ya ce tsutsotsi ne. Wannan gida ɗakin shirgi ne, inda ake jefa duk abin da aka rasa wurin ajiye shi a ja ƙofa. Bafaranshen nan Lamarck shi ne ya fara fitar da kayan ɗakin da gaske a farkon ƙarni na 19, kuma shi ya yaɗa rabon dabbobi zuwa masu ƙashin baya da marasa shi. Sama da shekara ɗari biyu ke nan ana wannan kwashe-kwashe, ba a kai ƙarshen ɗakin ba.

A yau masana sun raba dabbobi zuwa manyan rassa talatin da 'yan kai, kowane reshe da irin ginin jikinsa. Mutum da saniya da kaza da kifi da kada duk cikin reshe ɗaya suke, kuma masu ƙashin baya gaba ɗayansu ba su kai kashi biyar cikin ɗari na dabbobin da aka sa wa suna ba. Sauran rassan, kusan rabinsu halittu ne dogaye, masu laushi, marasa ƙafa, waɗanda ido zai kalla ya ce duk abu ɗaya ne. Ido kuwa ruɗuwa yake yi. Jiki dogo siriri shi ne ya fi dacewa da kutsawa cikin ƙasa da laka da naman wata dabba, shi ya sa zuriyoyi da ba su da kusanci ko kaɗan suka yi tarayya a wannan siffa. Tanar da ke fitowa bayan ruwan sama, da kurkunun da ke fita a ƙafar mutum, da tsilar da ke kwance cikin hanji, rassa uku ne daban-daban. Nisan da ke tsakaninsu ya fi nisan da ke tsakanin mutum da tarwaɗa.

A cikin waɗannan rassa akwai wanda ya yi fice, wato zagayayyun tsutsotsi da masana ke kira nematoda, dangin kurkunu da macijin ciki. Galibinsu ba sa cutar da kowa, cikin ƙasa da ruwa suke rayuwa suna cin bakteriya da ruɓaɓɓen abu, kuma sai da madubin likita ake ganinsu. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya tattara samfurin ƙasa sama da 6,000 daga sassan duniya, ya ƙiyasta cewa ga kowane mutum ɗaya da ke raye akwai irin waɗannan tsutsotsi kimanin biliyan 57 a saman ƙasa kaɗai. A 2011 an ba da labarin gano wata a mahaƙar zinariya ta Beatrix da ke Afirka ta Kudu, a zurfin kilomita 1.3, cikin ruwan da ke tsattsafowa daga tsagin dutse. Duk da haka nau'o'in da aka rubuta bayaninsu ba su wuce dubu ashirin da wani abu ba, alhali wasu masana na ganin adadinsu na gaskiya zai iya kai miliyan.

Guda ɗaya daga cikinsu ta samu gatan da babu wata dabba marar ƙashin baya da ta samu, in ban da ƙudan 'ya'yan itace na ɗakin gwaji. Sunanta Caenorhabditis elegans, tsawonta milimita ɗaya. Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, ya zaɓe ta a shekarun 1960 a Kambirij saboda jikinta garau yake, ana hango abin da ke ciki, kuma cikin kwana uku zuwa huɗu take girma ta hayayyafa. An ƙirga ƙwayoyin halittar jikinta ɗaya bayan ɗaya, 959, an bi sawun ƙwayoyin jijiyarta 302 an zana yadda suka haɗu. A 1998 ta zama dabba ta farko da aka karanta kundin ƙwayoyin gadonta. Aikin da aka yi a kanta ya jawo kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2002 da 2006 da 2024. Ban raina wannan aiki ba, ilimin da ya haifar ya shiga binciken cutar daji da na tsufa. Sai dai ya kamata a lura cewa dubban masana sun taru a kan tsutsa ɗaya, yayin da akwai rassa sukutum na dabbobi da masu nazarinsu a duk duniya ba za su cika aji ɗaya ba.

Irin waɗannan rassa da yawansu suna zaune ne a wurin da ba wanda zai yi tsammani, wato 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi a gindin teku. A 1956 Bajamushe Peter Ax ya bayyana wasu tsutsotsi masu muƙamuƙi da ke kankarar abinci daga jikin yashi, waɗanda daga baya aka gane reshe ne mai zaman kansa. Labarin Reinhardt Kristensen, masani ɗan ƙasar Denmak, ya fi nuna yadda sa'a da naci ke haɗuwa a wannan fage. Yana aiki a tashar binciken teku ta Roscoff da ke Faransa, sai ya wanke tsakuwar da aka ɗebo daga teku da ruwan daɗi maimakon ruwan gishiri. Ƙananan halittun da ke manne da tsakuwar gam, waɗanda hanyoyin da aka saba ba sa iya ɓamɓaro su, suka gigice suka saki. A cikinsu ya samu wata halitta mai sulke da ƙayoyi a ka, ba ta kai rabin milimita ba. A 1983 ya bayyana ta a matsayin sabon reshe, Loricifera. A 1995 shi da Peter Funch suka sake bayyana wani reshen, wannan karon a jikin gashin bakin wani babban jatan lande da Turawa suka shafe ƙarnoni suna ci. Sannan a 2000 suka kawo bayanin wata da aka samo a wani marmaro mai sanyi a tsibirin Disko na Girinlan. Mutum ɗaya da abokan aikinsa sun buɗe manyan ƙofofi uku cikin ƙasa da shekara ashirin, kuma duk ukun a wuraren da Turawa ke iya zuwa cikin sauƙi. Wannan kaɗai ya isa ya sa a yi tambaya kan abin da ke cikin yashin gaɓar Tekun Gini da lakar Tafkin Chadi.

Akwai kuma waɗanda aka daɗe da ganinsu amma aka kasa sanin danginsu, kuma babu misalin da ya kai na Xenoturbella. A 1915 aka tsamo ta daga lakar teku a gaɓar Suwidin, ba a rubuta bayaninta ba sai 1949. 'Yar santimita kaɗan ce, ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da ido, ba ta da dubura, baki ɗaya ne abinci ke shiga ya fita ta nan. Da farko an ce dangin tsila ce da sauran shimfiɗaɗɗun tsutsotsi. A 1997 aka gwada ƙwayoyin gadonta, sakamako ya nuna wai 'yar uwar makankari ce, wato halittun ruwa masu ɓawo biyu, wadda ta zubar da ɓawonta. An buga wannan a babbar mujalla, an yarda da shi. Shekara shida bayan haka, a 2003, wasu masana suka sake gwajin bayan sun tsabtace cikinta, sai ta bayyana cewa abin da aka karanta a karon farko abincin da ta ci ne. A 2016 Greg Rouse da abokansa suka bayyana sababbin nau'o'i huɗu daga zurfin tekun Fasifik kusa da Kalifoniya da Meziko, babbarsu ta kai santimita 20. Har yau ana ja-in-ja: wasu na cewa zuriyarta ce ta fara rabuwa da dukkan dabbobi masu dama da hagu, wasu na cewa ta fi kusa da reshenmu, sauƙin jikinta daga baya ya zo. Amsar tana da nauyi, domin ita za ta nuna yadda ƙwaƙwalwa da hanji da ƙoda suka faro a tarihin dabbobi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji Hausawa. Na'ura ba ta yi ƙarya ba a 1997, abin da aka ba ta shi ta karanta. Abin da aka rasa shi ne wanda ya san dabbar sosai har ya yi shakkar sakamakon.

Gwajin ƙwayoyin gado bai tsaya ga ƙara rassa ba, ya kuma rage wasu. Misali mafi shahara ya fito ne daga zurfin teku. A 1977 ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin ya sauka kimanin mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, wurin da ruwan zafi ke tsartuwa daga ƙarƙashin ƙasa, hasken rana kuwa ba ya isa. Masanan duwatsu ne a ciki, ba su zo neman dabba ba. Suka tarar da dogayen fararen bututai, wasu sun kai mita biyu, kowanne da jan tunku a ka. Tsutsar da ke ciki ba ta da baki, ba ta da hanji. Colleen Cavanaugh, tana ɗaliba a jami'ar Harvard a lokacin, ita ta kawo hujjar cewa cikin tsutsar cike yake da bakteriya masu sarrafa sinadarin farar wuta su samar da abinci. Jan tunkun kuwa jini ne ya rina shi, jinin da ke ɗaukar iskar numfashi da wannan sinadari mai guba a lokaci ɗaya ya kai wa bakteriyar. An daɗe ana ɗaukar waɗannan tsutsotsi a matsayin reshe na daban, daga baya bincike ya mayar da su cikin dangin tana da matsattsaku. 'Yar uwarsu Osedax, wadda aka gano a 2002 a kan ƙasusuwan mushen babbar dabbar teku a kwarin Monterey, jijiyoyi take kafawa cikin ƙashi tana narkar da shi. Kusan duk waɗanda ake gani da ido mata ne, mazan ƙanana ne ƙwarai, gommai daga cikinsu na zaune cikin bututun mace ɗaya.

Wannan ɓangare na teku yanzu ya shiga siyasa. Tsakanin Hawayi da Meziko akwai wani makeken fili a gindin teku da ke shimfiɗe da dunƙulen ma'adinan da ake yin batir da su, kamfanoni na neman izinin kwasa. A 2023 masana daga gidan adana tarihin halittu na Landan suka tattara abin da aka sani game da dabbobin wurin, suka samu nau'o'i sama da 5,000, kimanin kashi 90 cikin ɗari ba su da suna, kuma tsutsotsi na cikin waɗanda suka fi yawa. Ba a iya kare abin da ba a rubuta ba, ba a kuma iya cewa ya ɓace, tunda babu shaidar ya taɓa wanzuwa.

Ba sai an je teku ba kafin a ga abin mamaki. Wanda ya saba zama bakin rafi ko kududdufi da damina zai iya cin karo da wani baƙin zare siriri, tsawon taki ɗaya ko fiye, yana murɗawa a hankali cikin ruwa, wani lokaci da yawa sun sarƙe sun zama ƙulli. Wannan reshe ne na kansa, Nematomorpha, nau'o'insa da aka sani kimanin 350. Ƙwansa a ruwa yake ƙyanƙyashewa, ɗan ya shige jikin ƙwaron ruwa ya laɓe. Ƙwaron ya yi fiffike ya tashi, gyare ko ƙoƙi-ƙoƙi ya cinye shi. A cikin gyaren tsutsar ke girma, ta nannaɗe har ta cika masa ciki, ta ninka shi tsawo sau da yawa. Idan ta isa haihuwa sai ta juya masa hali: gyaren da bai iya iyo ba ya nufi ruwa ya faɗa, ita kuma ta sulale ta bayansa ta tafi neman abokin barbara. A Japan, Takuya Sato da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa gyaren da ke faɗawa rafi ta wannan hanya su ne kusan kashi 60 cikin ɗari na abincin da wani kifi mai fuskantar ƙarewa ke samu a shekara. Ke nan wata tsutsa da ba a san da zamanta ba ita ke ciyar da kifin, kuma duk wanda ya tsara kare kifin bai san da ita ba zai yi aikin banza. A Afirka an bayyana wani nau'in wannan reshe daga yammacin Kenya a 2012, mata ne zalla masu haihuwa ba tare da namiji ba. Nahiyar tana da faɗi, abin da aka rubuta game da wannan reshe a cikinta kaɗan ne.

Na san mai karatu zai iya cewa, a ƙasar da asibiti ba magani, wa zai kashe kuɗi kan tsutsar yashi? Tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuma tana cikin tarihinmu. Dattawan karkara ba su manta da kurkunu ba: ƙurji ya taso a ƙafa da zafi kamar wuta, ya fashe, farar tsutsa ta leƙo, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, sau da yawa daidai lokacin da gona ke neman mai ita. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da ita a shekara a duniya. Binciken da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ya samu sama da mutum 650,000. Cutar ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin sha. Abin da ya karya ta shi ne sanin rayuwarta, kuma wannan sani ya faro ne daga wani masanin halittu ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, wanda a wajajen 1870 ya gano a Tsakiyar Asiya cewa 'ya'yan tsutsar suna shiga jikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa, mutum ya haɗiye su da ruwan sha. Daga nan dabara ta fito fili: a tace ruwa da ƙyalle, a hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki, a haƙa rijiyar burtsatse. Cibiyar Carter ta jagoranci yaƙin, Janar Yakubu Gowon ya zaga ƙauyuka yana jan hankali. An ga mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. A 'yan shekarun nan masu kamuwa a duk duniya ba sa kai ashirin a shekara.

Ragowar yaƙin ma ya sake komawa hannun masana dabbobi. Tun 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnuka a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari a Chadi, har adadin ya haura dubu a wasu shekaru. Hakan ya tilasta a koma a binciki kifaye da kwaɗi da kayan cikin kifin da ake zubar wa karnuka, tambayoyin da aka ɗauka an gama da su tuntuni. Haka tsargiya take, wadda Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851: ba a fahimtar yaɗuwarta a madatsun ruwa da gonakin rani sai an san wane dodon koɗi ne ke ɗauke da ita, domin ba kowanne ba ne.

A gona ma haka abin yake. Manomin tumatir ko kuɓewa zai ga shuka ta tsumbure, ganye ya yi ɗorawa, tana yaushi da rana ko da an yi ban ruwa. Ya ƙara taki, ba canji. Da zai tuge guda ya duba, zai ga saiwar ta kumbura ta yi ƙulle-ƙulle. Wannan aikin nematoda ne na jinsin Meloidogyne. A jikin wake kuwa sai an kula, domin wake yana da nasa ƙulle-ƙullen masu amfani da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Waɗannan a gefen saiwa suke manne, ana murje su da yatsa su faɗi, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Wata tsutsar ita ke sa doya busasshen ruɓa a rumbu. Cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi ta Ibadan da cibiyar Samaru a Zariya sun yi aiki a kan irin waɗannan. Amma masu ɓarna ne kawai suka samu wannan kulawa. Dubban da ke narkar da kara da kashin dabbobi su mayar da su abincin shuka, da waɗanda ke kashe ƙwarin gona, ba mu san ko su wane ne ba a yawancin ƙasarmu. Wata tanar Afirka ta Yamma, Eudrilus eugeniae, ana kiwonta a Indiya da Amurka da wasu ƙasashe don yin takin gargajiya, alhali danginta da ke fadamunmu ba a gama tantance su ba.

A ganina matsalar wannan fage ta mutane ce kafin ta zama ta kayan aiki. Wani ƙiyasi na 2011 ya ce halittun duniya, ban da bakteriya da makamantansu, sun kai nau'i miliyan 8.7, kuma kashi 86 cikin ɗari na na tudu da kashi 91 na na teku ba a bayyana su ba. Wani nazari na 2012 ya nuna cewa daga ranar da aka ɗebo sabuwar halitta zuwa ranar da aka rubuta bayaninta, a matsakaici shekara 21 take yi cikin kwalba a kan kanta. Dalili shi ne aikin yana cin lokaci: a yanka, a rina, a auna, a zana, a gwada da tsofaffin samfurori, a karanta rubuce-rubucen ƙarni na 19 cikin Jamusanci da Faransanci. Jami'o'i ba sa ɗaukar mai wannan aiki da daraja kamar mai binciken da ke jawo kuɗi, idan tsohon gwani ya yi ritaya sau da yawa ba a maye gurbinsa. Hanyar da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar a 2003, ta gane halitta da ɗan guntun ƙwayar gadonta, ta sauƙaƙa abubuwa ƙwarai, har ana iya ɗibar cokalin ƙasa a ga alamun ɗaruruwan nau'o'i. Sai dai alama ce kawai take bayarwa. Idan babu wanda ya taɓa bayyana dabbar ya ajiye bayaninta a rumbun bayanai, kwamfuta lamba za ta fitar, ba za ta faɗi abin da dabbar ke ci ko wanda ke cin ta ba.

Mu a nan giɓin ya ninka. Yawancin samfurorin asali na dabbobin Afirka da aka tara zamanin mulkin mallaka suna Landan da Faris da Tervuren ta Beljiyam, ɗalibin da ke son gwada abin da ya samo da su sai ya nemi biza da kuɗin jirgi. Taswirorin duniya na tsutsotsin ƙasa da na tana sun dogara ne da samfurorin da galibi aka ɗebo a Turai da Amurka ta Arewa, yankinmu na Sahel ana cike shi da lissafi. Ga dausayin Haɗeja da Nguru, ga Tafkin Chadi da ya sha janyewa da dawowa, ga kogin Kwara, ga fadamun da ake nomawa rani da damina ana zuba musu maganin ƙwari. Duk suna canzawa da sauri, kuma babu cikakken lissafin abin da ke cikinsu balle a san abin da aka rasa.

Fara wannan aiki ba ya buƙatar jirgin nutso. Madubin likita mai kyau, da rariya mai ƙananan ido, da kwalabe, da sinadarin adanawa, da malami ɗaya da ya ƙware, sun isa a kafa shi a kowane sashen nazarin dabbobi daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Yamai zuwa Damagaram. Kirana ga shugabannin waɗannan sassa da masu raba kuɗin bincike shi ne su ware gurbin karatun digiri na uku ga wannan fanni, su tura ɗalibai wurin gwanayen da suka rage kafin su ajiye aiki, su kuma tanadi ɗakin adana samfurori mai rajista a cikin jami'a, yadda duk abin da aka samo a ƙasar nan za a bar kwafinsa a gida.